Kashi 30 Ɗin da Aka Bar Mana: Auna Manhajar Fasahar Sadarwar Zamani da Gyara Ta a Zamfara

Lacca ce da aka gabatar a Gusau a gaban malaman manyan makarantu da ɗalibai da ma'aikatan kafofin watsa labarai.

  

An nemi in yi magana a kan manhajar da ake bi wajen koyar da fasahar sadarwar zamani, wato ɗaukar hoto da bidiyo da sauti, da tace su, da zane a kwamfuta, da watsa su a rediyo ko talabijin ko intanet. Tambayoyi biyu ne a gabana: ta yaya za mu gane manhajar tana cika aikinta, kuma idan ba ta cikawa, a ina za a sa hannu? Matsayina shi ne, manhaja ba ta da wata shaida sai ɗalibin da ta yaye. Abin da hannunsa zai iya yi a nan Zamfara, da harshen mutanenmu, cikin halin da muke ciki, shi ne ma'auni.

Inda aka kwana

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ƙarƙashin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, ta ƙaddamar da sabon tsarin manhaja mai suna CCMAS, wanda ya maye gurbin tsohon tsarin BMAS. Abubuwa biyu a cikinsa sun shafe mu kai tsaye. Na farko, fannin koyon aikin jarida da aka saba haɗa shi a digiri guda an rarraba shi: aikin jarida daban, aikin rediyo da talabijin daban, haka fim, da talla, da hulɗa da jama'a, da sadarwa domin ci gaban al'umma. Na biyu, hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Kwalejojin fasaha kuwa, hukumarsu ta NBTE da ke Kaduna ce ke kula da manhajarsu, ita ma tana matsa wa makarantu lamba a kan koyon aiki da hannu.

Jiharmu, wadda aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba 1996, ba ta rasa makarantu ba. Akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da Jami'ar Jiha da Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, da Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Kaura Namoda, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata a nan Gusau, da Kwalejin Kimiyyar Lafiya a Tsafe. Duk wadda ke koyar da wani reshe na wannan fanni, ko take shirin buɗe shi, maganata da ita nake. Abin da nake tsoro shi ne a ɗauko kashi 30 na wata jami'ar Legas ko Ibadan, a sauya sunan makaranta a bangon takarda, a ce an gama. In aka yi haka, an mayar da kyautar da aka ba mu tun ba a kwance ƙullin ba.

Yadda za a auna

Muna da ma'auni guda da kowa ya sani, wato ziyarar tantancewa ta hukuma. Sashen da ya samu cikakkiyar amincewar NUC yana da shekara 5 kafin a dawo, wanda ya samu ta wucin gadi shekara 2. Ziyarar na da amfani, amma mu faɗa wa juna gaskiya: a wurare da dama a ƙasar nan, ana gobe baƙi za su iso ake aro kyamarori da kwamfutoci, a share ɗakin gwaji, a jera littattafai. Baƙi na juya baya, kaya su koma hannun masu su. Hukuma ta ga kaya, ɗalibi bai taɓa su ba. Saboda haka dole kowane sashe ya riƙa auna kansa duk shekara, ta hanyoyi huɗu da ba su cin kuɗi mai yawa.

Hanya ta farko, a bi sawun tsofaffin ɗalibai. Kowane aji da ya fita yana da zaurensa na WhatsApp. A tambaye su: ina kake aiki, wane darasi ya amfane ka, me aka ce ka yi a makon farko ka kasa? Amsar tambayar ƙarshe ita ce jerin giɓin manhajar. Hanya ta biyu, a zauna da masu ɗaukar aiki, daga Rediyon Zamfara da NTA Gusau da Pride FM har zuwa masu shagunan ɗaukar bidiyon biki da masu buga fosta, su faɗi abin da suke sake koya wa yaranmu daga tushe. Hanya ta uku, a ƙidaya awannin da ɗalibi ya riƙe na'ura a zango guda, a kwatanta da waɗanda ya yi yana kwafar rubutu daga allo. Darasin da aka rubuta masa awa 3 na aikin hannu a takarda, amma aji duka ke layi a kan kyamara ɗaya, a rubuta shi yadda yake.

Hanya ta huɗu ita ce jarrabawar fili, kuma ita na fi so mu tsaya a kanta. A ba ɗalibin ajin ƙarshe waya da ƙaramin makirfo, a tura shi kasuwar Tsafe, a ce kafin la'asar ya kawo rahoto na minti 3 a kan farashin hatsi. A nan za a ga komai. Ya fara gaida sarkin kasuwa ya nemi izini, ko ya faɗa wa mutane da kyamara? Da ya tsayar da dillalin masara, ya lura akwai injin niƙa a bayansa da zai cinye muryar, ya ja shi gefe? Ya bar rana a bayan mai magana har fuskarsa ta yi duhu? Da tsohuwa mai daddawa ta ce a ɗauki muryarta ban da fuskarta, ya san yadda zai nuna hannuwanta da faifanta ya cika alkawari? Ya ji farashi daga bakin mutum ɗaya ya wadatu, ko ya tambayi mai saye da mai sayarwa? Malamai biyu da ma'aikacin rediyo ɗaya su zauna su ba da maki. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan yawancin aji suka faɗi a wuri ɗaya, a daina zargin yara, a koma kan manhaja.

Abin da za a zuba a kashi 30

Na fara da harshe. Masu sauraron ɗalibanmu Hausa suke ji, kuma aikin jarida da Hausa tsohuwar sana'a ce: Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a 1939, Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, fim ɗin Turmin Danya da ake ƙidaya shi mafarin Kannywood ya fito a 1990. Duk da haka yaro kan gama digiri bai taɓa rubuta labari ɗaya da Hausa an gyara masa ba. A sa darasin rubuta labari da fassara da karanta shi da Hausa ya zama tilas, tare da ƙa'idojin rubutu da sanya haruffa masu lanƙwasa a kwamfuta da waya. Sashen Hausa na kowace makaranta ya shigo cikin aikin.

Sai aiki cikin ƙunci. A farkon Satumba 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar nan saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako. Gusau ta yi kusan wata guda babu sabis, ƙauyuka suka fi haka daɗewa, mutane na fita wasu jihohi don su kira 'yan'uwansu. Wanda duk iliminsa ya rataya a kan intanet, a lokacin hannunsa ya mutu. Rediyo ce ta riƙe jama'a. Don haka a koya wa ɗalibi tace sauti da bidiyo ba tare da intanet ba, da kayan aiki na kyauta irin su Audacity, da rage nauyin fayil yadda zai wuce ta layi mai rauni, da lissafin batir da sola. A fifita ƙa'ida a kan na'ura, domin sunayen kayan tacewa na sauyawa kusan duk shekara, amma haske da sauti da tsarin labari suna nan yadda suke.

Na uku, tantance gaskiya da tsare rai. A ce da dare bidiyo ya shigo waya, an rubuta cewa yanzun nan aka tare hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Kafin gari ya waye ya zagaye dubban wayoyi, uwaye sun kasa barci. Ɗalibinmu ya kamata ya san abin yi: ya tsayar da bidiyon ya ciro hoto, ya bincika ko ya taɓa fitowa a intanet, ya dubi ciyawa, in kore ce shar alhali muna cikin bazara, tsohon abu ne, ya saurari karin harshen masu magana, Zamfarci ne ko na wata nahiya, ya dubi lambar mota, sannan ya kira tasha ya ji daga direbobin da suka iso. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke iya kwaikwayon muryar mutum, wannan darasi ya ƙara nauyi. A haɗa masa da sanin inda ba a zuwa, da ɓoye fuska da muryar wanda ya kuɓuta daga hannun 'yan bindiga, da mutunta gawa. Wannan ba labarin nesa ba ne a wurinmu: an sace 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairu 2021, an kuma shiga gidajen ɗaliban Jami'ar Tarayya a Sabon Gida a Satumba 2023.

Doka ma a koyar da ita da misalan gida. A Agusta 2022 Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga. A Oktoba na shekarar gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi a Gusau, ciki har da NTA da Pride FM, saboda ɗaukar wani taron siyasa, NBC kuma ta ce matakin ya saɓa doka. A kawo waɗannan aji a yi muhawara a kansu, tare da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, da Dokar Laifukan Intanet ta 2015, da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. A kuma nuna wa yara alherin da wannan fasaha ta taɓa jawowa. Bayan gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, gangamin ceto garin Bagega da matasa irin su Hamzat Lawal suka yi a shafukan sada zumunta ya taimaka wajen sa gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsabtace garin a farkon 2013.

Na huɗu, adana tarihi. 'Yandoto da ke ƙasar Tsafe cibiyar ilimi ce tun kafin jihadi. Dutsen Kwatarkwashi na ƙasar Bungudu yana da tarihi a bakin dattawa. Ƙasar Zamfara ce ta haifi Salihu Jankiɗi na Rawayya da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi shekaru yana tattara tarihin makaɗa a rubuce, amma kaset masu yawa na can cikin akwatuna, zafi da ƙura na cin su. A mayar da aikin kammala karatu ya zama irin wannan: ɗalibi ya juyar da tsohon kaset zuwa kwamfuta, ya tsabtace sautin, ya rubuta wanda ya yi da inda aka ɗauka, ya nemi izinin magada. Ya koyi sana'a, jiha ta samu taska.

Na biyar, neman abinci. Gidajen rediyo da talabijin na jihar nan ba za su ɗauke duk waɗanda za mu yaye ba. A koya musu yanka farashin aiki, da rubuta yarjejeniya, da haƙƙin mallaka, da rajistar ƙaramin kamfani.

Malamai da 'ya'ya mata

Duk wannan ba zai yiwu ba in malamin da kansa bai taɓa tace bidiyo ba. Wannan ba abin kunya ba ne, abin gyara ne. A yi amfani da kuɗin horo na asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, a tura malamai gidajen watsa labarai lokacin hutu, a kuma buɗe wa ƙwararrun ma'aikata ƙofar aji ko da ba su da digiri na biyu. Shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, da aka fara tun 1973, a daina barin sa ya zama sa hannu a littafi kawai. Kowane ɗalibi ya dawo da aikin da aka watsa. Tsangayar Sadarwa ta Jami'ar Bayero ta riga mu nisa a wannan hanya, neman shawararta ba gazawa ba ne.

Ina roƙon iyaye a kan 'ya'ya mata. Gidan da aka rubuta "ba shiga" a zaurensa, namiji da kyamara iyakarsa ƙofa. Labarin haihuwa da tamowa da rigakafi da zawarcin da rikici ya haifar yana can ciki, mace ce kawai za ta ɗauko shi da mutunci. A haɗa ɗalibar sadarwa da ɗalibar Kwalejin Lafiya ta Tsafe su shirya saƙon murya na minti 1 a kan zazzaɓin cizon sauro, a gwada shi a kan mata a Nahuce ko Bungudu, a ga ko sun fahimta.

Kammalawa

Ya shugaban taro, buƙatata uku ce, kuma duk ana iya farawa a zangon nan. Kowane sashe ya kafa kwamitin manhaja da zai ƙunshi tsohon ɗalibi da ma'aikacin kafar watsa labarai da mace aƙalla ɗaya. A gudanar da jarrabawar fili ga ajin ƙarshe, a bayyana sakamakonta ga majalisar makaranta. Sannan makarantun jihar su zauna tare su rubuta darussan Hausa da tantance labari da adana tarihi, don kada kowa ya yi ta fama shi kaɗai. Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, ku riƙa tambayar awannin aikin hannu da aka rubuta muku, cikin ladabi, domin haƙƙinku ne.

Allah Ya zaunar da Zamfara lafiya, Ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.