Matar Da Ta Ƙetare Amurka A Kan Keke Tana Fama Da Ciwon Daji

 

Kowa a nan ya san keke. Da shi muke zuwa gona, da shi muke cin kasuwa. Yau zan ba ku labarin wata mata da ta hau keke tana cikin ciwo mai tsanani, da kuma yadda danginta suka tsaya mata.

Sunanta Jane Tomlinson, mutuniyar birnin Leeds a ƙasar Ingila. An haife ta a 1964. Matar aure ce mai 'ya'ya 3. Tana da shekara 26 likita ya gano ciwon daji a nononta, watau sankara. Aka yi mata aiki. Daga baya ta koyi aikin ɗaukar hoton ƙashi, ta kama aiki a asibiti.

A shekarar 2000 ciwon ya bazu har cikin ƙashi da huhu. Likitoci suka ce ba ya warkuwa. A lissafinsu, wata 6 ya rage mata. Autanta kuwa a lokacin shekararsa 3.

To, jama'a, da a gidajenmu ne, me za a yi? Sai a shimfiɗa mata tabarma a ƙuryar ɗaki. Ko tsintsiya ta ɗauka a ce ajiye. Masu zuwa dubiya su shigo suna sharar hawaye. Tun tana da rai an fara yi mata zaman makoki.

Jane ba ta yarda da haka ba, mijinta Mike ma bai yarda ba. Ta fara motsa jiki kaɗan kaɗan. A 2002 ta shiga babban tseren gudu na birnin Landan, mil 26, ta kuwa kai ƙarshe. Daga nan ta koma kan keke.

A 2003 ta tashi daga ƙarshen arewacin Birtaniya ta nufi ƙarshen kudancinta, tafiyar mil 1,060. Ba ita kaɗai ba ce. Akwai wani irin dogon keke mai sirdi biyu da feda biyu. Mutum biyu ke hawa, ɗaya gaba ɗaya baya, suna tuƙawa tare. Shi suka hau ita da ɗan'uwanta Luke. A irin wannan keke, in ƙarfin ɗaya ya ragu, sai ɗayan ya ƙara nasa, tafiya ba ta tsayawa. Gaskiyar Bahaushe da ya ce ɗan'uwa rabin jiki.

Ku lura da wani abu. A cikin wannan tafiya ta mako 3, sau 2 tana tsayawa don a yi mata maganin ciwon daji, irin mai ƙarfin nan da ke galabaitar da mutum. In an gama, ta koma kan sirdi. Ba ta taɓa cewa keke ya ishe ta magani ba.

A 2004 su biyun suka sake hawa. Suka taso daga birnin Rum na Italiya, suka ratsa Faransa da duwatsunta, har gida Leeds.

Babbar tafiya ita ce ta 2006. Ta tashi daga San Faransisko a bakin tekun yammacin Amurka, ta nufi Niyok a bakin tekun gabas. Wajen mil 4,200 ke nan, kamar mutum ya tafi Ikko daga Kano sau 6. Ta ratsa hamada, ta hau manyan duwatsu, ga zafin rana, ga ciwon ƙashi. Mako 9 ta yi a hanya. Wannan karon ita kaɗai ce a kekenta, amma abokan tafiya biyu na gefenta, mijinta da autanta kuma suna biye a mota.

Me ya sa ta sha wannan wahala? Kuɗin taimako take tarawa. Kafin ta bar duniya ta tara fiye da fam 1,500,000, aka ba asibitoci da ƙungiyoyin da ke kula da yara da masu ciwon daji.

Keke bai warkar da ita ba. Ta rasu ranar 3 ga Satumba, 2007, tana da shekara 43. Amma wadda aka ɗibar wa wata 6 ta yi shekara 7. Ta ga girman autanta. Bayan rasuwarta mijinta da 'yarta suka hau keke suka ci gaba da tara taimako da sunanta.

Ba cewa nake yi kowane majinyaci ya ɗauki keke ba. Jiki ya bambanta, ciwo ma haka. Likita za a tambaya abin da mutum zai iya. Abin da nake so mu ɗauka shi ne halin dangin nan. Ba su ce mata kwanta ba, ba su kuma sake ta ita kaɗai ba. Sun tambaye ta abin da take so, sannan suka kama mata.

Maigida, in uwargida na jinya, kai za ka raka ta asibiti ranar magani. In ta ce za ta iya tsinke zogale ko leƙa maƙwabta, a bar ta. In baba ya ce a kai shi ya ga gonarsa, ɗauko shi a bayan keke, ka tuƙa a hankali. A ci abinci tare da majinyaci, a nemi shawararsa a kan sha'anin gida. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko zama wuri ɗaya.

Ku kuma iyaye mata, duk wadda ta ji ƙullutu a nono, ko da ba ya zafi, ta je asibiti da wuri. Kada kunya ta hana. Ba kowane ƙullutu ne daji ba, in kuma shi ne, gano shi da wuri na sa magani ya fi ci.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu jinya haƙuri.