A GYARA HANYAR AIKI KAFIN A SAYI NA'URA

(Jawabin da Editan wannan jarida ya yi wa shugabannin ƙungiyoyin gama kai da masu ƙananan masana'antu)



An nemi in yi magana a kan yadda ake sake tsarin kamfani ko ƙungiya, wato ma'aikata da hanyar aiki da kayan aiki. Zan kawo misali daga Amurka, domin darasin da ke ciki ya shafe mu.

A farkon shekarun 1980, kamfanin motoci na Ford yana da ma'aikata sama da 500 a sashen biyan masu kawo masa kaya. Shugabanni suka yi niyyar sayo kwamfutoci don su rage su zuwa 400. Da suka leƙa kamfanin Mazda na Japan, sai suka tarar mutum 5 ke wannan aiki. Ko da yake Mazda bai kai Ford girma ba, bambancin ya yi yawa.

Da aka bincika, sai aka ga a takardu matsalar take. Kafin a biya kuɗi, sai akawu ya haɗa takardu uku: ta odar kaya, da ta karɓar kaya a sito, da ta neman biya daga mai kaya. Sai ya gwada abubuwa 14 a cikinsu. In ɗaya ya saɓa, biya ya tsaya, a yi ta bin sawu. Ford ya soke takardar neman biya gaba ɗaya. Oda tana shiga kwamfuta. Kaya na isowa, mai kula da sito ya duba abubuwa 3 kawai. In sun dace ya karɓa, kwamfuta ta shirya biya; in ba su dace ba ya mayar. Ma'aikatan sashen suka ragu da kashi 75 cikin 100.

Michael Hammer, wanda ya bazu da wannan labari a 1990, ya ja kunne cewa kada a sa wa aikin banza na'ura, a soke shi tukuna.

To, jama'a, mu dubi namu. A ce manomi ya zo sayen taki a ƙungiya. Sakatare ya rubuta, ma'aji ya karɓi kuɗi, sannan a jira shugaba ya sa hannu, shi kuwa ya tafi cin kasuwa. Damina ba ta jira. Ko an sayo kwamfuta da na'urar POS, manomin nan zai kwana bai ga taki ba. Magani shi ne a ba ma'aji ikon sallamarsa nan take, shugaba ya duba littafi da sito ƙarshen mako.

Saboda haka ku bi aiki ɗaya daga farkonsa har ƙarshe. Hannu nawa yake ratsawa? Ina yake kwana? Wa zai cutu in an cire wannan mataki?

Amma a yi hattara da mutane. Kamfanoni da yawa sun fake da wannan gyara suka yi ta korar ma'aikata, har Hammer da kansa ya amsa a 1996 cewa bai ba sha'anin mutane muhimmancin da ya kamata ba. Ku shawarci masu yin aikin, su suka san inda yake cijewa. Wanda aikinsa ya ragu, a koya masa wani. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.