Lasisin Tuƙin Jirgi na Ƙasar Waje: Abin da Ke Jiran Yaro a Gida

Shugabannin Kasuwar Sabon Gari, iyayena alhazai da hajiyoyi, Allah ya ƙara girma.

Jirgin sama ba baƙo ba ne a Kano. A nan ya fara sauka a Najeriya a 1925, kuma filin jirgin Malam Aminu Kano yana nan Fagge, kuna jin ƙararsa daga rumfunanku. Ba mamaki yaro ya ce shi matuƙi zai zama, uba ya haɗa kuɗi ya tura shi Afirka ta Kudu ko Amurka.

Kun fi ni sanin cewa kuɗin da aka biya a Dubai ba shi ne kuɗin kaya ba, sai an fito da su daga hannun kwastan. Haka lasisi yake. Ƙasashe sun amince da ƙa'idoji ɗaya tun yarjejeniyar Chicago ta 1944, amma kowace ƙasa ita ke bayar da nata. Jirgi mai rajistar Najeriya, mai lamba 5N a jikinsa, sai da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ake tuƙa shi. Ko dai ta amince da lasisin wajen na ɗan lokaci, ko ta musanya shi da na gida. Kafin nan za ta tuntuɓi hukumar da ta bayar don tabbatarwa, ta duba littafin da yaro ke rubuta awanninsa na tashi. Zai zauna jarrabawar dokokin sama, likitan da hukumar ta yarda da shi ya gwada idonsa da kunnensa da zuciyarsa. Takardar lafiyar nan shekara guda take yi ta mutu, ko ya tashi ko yana zaune a gida.

To, ga inda gizo ke saƙar. Lasisin tuƙin jirgin haya da yaro ya dawo da shi, a ƙananan jirage ya samo shi. Kamfani kuwa zai tambaye shi shaidar ƙwarewa a kan irin jirgin da yake da shi, misali Boeing 737. Wannan wani horo ne daban, galibi a waje, kuma da dala ake biya. Mun gani da idonmu: gwamnatin Kwankwaso ta tura matasa 100 Jodan, suka kammala, amma da yawansu suka daɗe ba aiki saboda wannan gibi. A ganina turawar ba laifi ba ce, lissafin ne ya tsaya a rabin hanya.

Saboda haka Alhaji, kafin ka canji dala ko ɗaya, ka tambayi NCAA ko ta san makarantar da lasisinta, ka ware kuɗin horo na biyu tun yanzu. Ka kuma leƙa Zariya, inda kwalejin koyon tuƙin jirgi take tun 1964. Wanda ya gama a can, lasisin gida yake karɓa kai tsaye.