Barnawa Da Ƙalubalen Samar Da Abin Yi: Jawabi A Taron Shekara Na Ƙungiya

Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu masu unguwanni, malamanmu na masallatai da na majami'u, iyayenmu mata, 'yan'uwa da suka taso daga Abuja da Ikko da Kano da Fatakwal domin wannan zama, muna yi muku barka da zuwa gida. Shugabannin ƙungiya sun umarce mu da mu yi tsokaci a kan ci gaban garin Kaduna da kuma rabon da Barnawa ta samu a cikinsa, musamman ta fuskar abin yi ga matasanmu. Muna roƙon afuwa tun yanzu idan maganar ta yi wa wani ɗaci, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Alal haƙiƙa Kaduna gari ne da aiki ya kafa. Ba ta da ganuwa irin ta Zazzau ko Katsina. Gbagyi suna zaune a ƙauyukansu Turawa suka shimfiɗo hanyar jirgin ƙasa, sannan a 1917 Gwamna Lugga ya ɗauko hedkwatar Arewa daga Zungeru ya kawo nan. Hayin arewa ya samu ofisoshi da barikoki da gidajen manyan ma'aikata. Mu kuwa na kudancin kogi, rabonmu shi ne tashar jirgi da loko, daga baya kuma masana'antu. A 1957 Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna ta haɗa gwiwa da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri. Ba a daɗe ba Nortex ta biyo baya, sai UNTL ta 'yan kasuwar Hong Kong, da masaƙar Arewa wadda Japanawa suka kafa. Ma'aikatar ƙera makamai ta zo a 1964, kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai kuma aka buɗe ta a 1980.

Dattawan da ke zaune a sahun gaba sun fi mu sanin yadda hanyar Kakuri take a lokacin canjin aiki: kekuna kamar fari, masu aikin dare suna fita, na safe suna shiga. Abin da muke so matasa su lura da shi shi ne, albashin nan ba a ƙofar masaƙa yake tsayawa ba. Ran da aka yi biya, mai gidan haya a Barnawa ya karɓi nasa, mai tuwo-tuwo ta karɓi bashin wata, tela ya samu ɗinki, mahauci ya ƙara yanka, mai gyaran keke ya wuni a tsugune. Manomin auduga a Funtuwa da Malumfashi da Gusau ma da wannan injin yake numfashi. Da yawa daga cikinmu da ke sanye da manyan riguna a yau, da kuɗin masaƙa aka biya mana kuɗin makaranta, ko da kuwa iyayenmu ba su taɓa taka cikinta ba.

Yadda abin ya rushe kowa ya gani, amma yana da kyau a faɗi dalilan, saboda har yanzu akwai masu ɗora laifin duka a kan mutum ɗaya ko gwamnati ɗaya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuya, alhali matatar tana nan kusa da mu. Injinan sun tsufa ba a sabunta su ba. Ana cikin haka atamfar Sin mai araha ta riƙa sauka a Kwatano, ta zagayo ta iyakar Nijar ta hanyar fasa-ƙwauri, ta cika Kantin Kwari. KTL ta rufe ƙofa a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, kuma ko da aka sake buɗe ta a 2010 da rancen gwamnatin tarayya, ba ta koma yadda take ba. Tsofaffin ma'aikatan KTL, kamfanin da jihohin Arewa 19 suka gada, sun shafe shekaru suna zarya a kan haƙƙinsu na sallama, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya ba su karɓa ba. Wasunsu maƙwabtanmu ne, mun yi musu jana'iza da hannunmu.

Sai kuma abin da ba mu cika son ambata a taro irin wannan ba. Rikicin 2000, da na 2002, da na bayan zaɓen 2011, sun raba garin gida biyu, kogi ya zama iyaka. Mai shago ya rasa rabin masu sayensa, magini ya daina tsallaka gada neman aiki, mai jari daga waje ya tattara ya koma Abuja, wadda dama tun da gwamnatin tarayya ta tare a can a 1991 take janye mana mutane da kuɗi. Barnawa tana cikin unguwanni ƙalilan da Musulmi da Kirista suka ci gaba da zama katanga ɗaya. Mun saba kallon wannan a matsayin abin yabo kawai. A ganinmu jari ne, wataƙila ma shi ne mafi girma da muke da shi, domin nan ce kasuwar da mutumin Tudun Wada da na Sabon Tasha za su zo su yi ciniki kowa hankalinsa kwance.

To, me aka yi tun daga nan? Ba za mu yi butulci ba, an yi aiki. Jirgin ƙasa na Abuja ya fara zirga-zirga a 2016. Kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasa a hanyar Abuja a 2017. An ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu a Kakuri a farkon 2018. A 2019 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fara shirin sabunta birni, aka sake gadar Kawo, aka haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa a shataletalen Leventis, aka gyara dandalin Murtala, mu ma aka faɗaɗa mana titin Aliyu Makama ya zama tagwaye. Duk wanda ya daɗe bai zo gida ba, ya shigo da dare ya ga fitilu, zai ce Kaduna ta dawo.

Amma mu tambayi kanmu, yaro nawa a layinmu ya samu aikin da zai riƙe iyali saboda waɗannan ayyuka? Aikin titi na ɗan lokaci ne, ran da aka zuba kwalta ta ƙarshe an sallami lebura. Masana'antun zamani kuma inji ya fi mutum yawa a cikinsu, ba sa ɗiban dubbai kamar masaƙa. Tashar jirgin ma a Rigasa take, can wani gefen gari. Sannan gyaran birni yana da nasa raunin. Da aka rushe Kasuwar Barci a 2020 domin sake gina ta, ƙananan 'yan kasuwa da teloli da yawa sun watse, kuma shagon zamani ba kowane mai tebur ke iya kama shi ba. Tun a 1967 masanin tsara birane Max Lock ya zana wa Kaduna taswirar shekara 50, wa'adinta ya cika a 2017. Gari ya riga ya tsallake taswirar ta ko'ina, masana'antun da aka yi lissafin za su ciyar da shi kuwa ciyawa ta rufe su.

A Barnawa abin ya zo da wata siga wadda ta shafe mu kai tsaye, mu mazauna birane. Titi ya yi kyau, ƙasa ta yi daraja, sai dillalai suka fara bugo mana waya. Gidan da mahaifi ya gina da kuɗin sallamarsa, magada su taru su sayar, a raba kowa ya kama gabansa, bayan wata shida ka zo ka tarar an mai da shi otal ko wurin shaƙatawa. Ba mu ce haramun ne mutum ya sayar da abin da ya gada ba, kuma mun san wani rabon gadon ba ya yiwuwa sai an sayar. Sai dai mu sani, ƙanenmu da ke zaune a ɗakin waje yana ɗinki ko gyaran waya, ran da aka sayar ya rasa wurin kwana da wurin sana'a gaba ɗaya, kuma kuɗin hayar unguwar yanzu ya fi ƙarfinsa. Aikin da sabon ginin zai ba shi bai wuce gadi ko wanke-wanke ba.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ke gaban ƙungiya. Shekara uku ke nan ana tara gudummawa, kuma ra'ayi mafi rinjaye shi ne a gina ɗakin taro mai ɗauke da sunanmu. Muna girmama masu wannan ra'ayi, cikinsu har da yayyenmu. Mu dai muna roƙon a sake tunani. Ɗakin taro sau nawa za a buɗe shi a shekara? Da kuɗin nan za a iya gina jerin shaguna masu sauƙin haya a bakin hanya, a sa musu wuta mai aiki da hasken rana, a ba masu walda da kafintoci da teloli da masu gyaran firji, bisa sharaɗi ɗaya: kowane mai shago ya ɗauki yara biyu na unguwa ya koya musu, ɗaya daga masallaci ɗaya daga coci idan da hali. Wanda ke shakkar abin da koyon sana'a ke yi, ya je Panteka ya ga yadda ake ƙera injin niƙa da tukwane da ƙofofi daga tarkacen ƙarfe. Ga kuma sashen nazarin muhalli na Kwalejin Kimiyya da Fasaha a cikin unguwarmu, inda ake koyar da zanen gini da safiyo, amma yaranmu suna wuce ƙofarsa a kan babur ɗin haya kullum. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa ma hedkwatarta a Kaduna take, kuma tana da tsarin ba masu sana'ar hannu takardar shaida. Me zai hana ƙungiya ta biya wa almajiran shagunan nan kuɗin jarrabawa?

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar kwamiti. A cikinmu akwai masu makarantu a Abuja, akwai masu kamfanin tsaro, akwai 'yan kwangilar gini. Kayan makaranta da na masu gadi da kuke bayarwa a ɗinka, da tagogi da kujerun da kuke saye, a ina ake yin su? Mun san amsar da za a ba mu, cewa telan gida ba ya cika alkawari. Gaskiya ne, mu ma an taɓa ɓata mana kayan Salla. Amma telan da bai taɓa samun aikin riga 300 a lokaci ɗaya ba, ba zai taɓa sayen keke na biyu ba, balle ya koyi cika alkawarin babban aiki. A fara ba shi kaɗan, a rubuta yarjejeniya, ƙungiya ta tsaya masa a matsayin mai lamuni.

Sakatare ya shirya takarda a bakin ƙofa. Duk wanda gidansu ke shirin shiga kasuwa, muna roƙon ya rubuta sunansa kafin ya kira dillali, domin a fara tallata shi a tsakanin 'yan ƙungiya. Wanda kuma yake da aikin ɗinki ko na ƙarfe ko na katako da zai bayar a shekara mai zuwa, ya rubuta irinsa da yawansa. Maganar ɗakin taro da shaguna za a kaɗa ƙuri'a a kanta bayan sallar la'asar, muna fata waɗanda za su kama hanyar Abuja su daure su tsaya.