Amanar Bincike a Jami'o'inmu: Horar da Ma'aikatan Gudanarwa da Ba Su Shaidar Ƙwarewa

(Jawabin Kwamitin Ilimi a babban taron shekara-shekara na Ƙungiya)

 



Gabatarwa

Shekara da shekaru wannan Ƙungiya tana ɗawainiya da karatun 'ya'yanta, kuma alhamdu lillahi, a yau muna da likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da malaman jami'a. Sai dai akwai wani rukuni na 'ya'yanmu da ba kasafai ake ambatonsu a irin wannan taro ba, wato waɗanda ke aiki a jami'o'i da kwalejoji amma ba sa shiga aji: ma'aikatan ofishin rajistara, da na ofishin ma'aji, da sakatarorin tsangayoyi da cibiyoyi. A kansu muke son yin tsokaci a yau, domin wata sana'a ta buɗe a gabansu wadda yawancinsu ba su san da ita ba, ita ce sana'ar gudanar da harkokin bincike. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, jami'ar da ba ta da ƙwararru a wannan fanni ba za a damƙa mata amanar kuɗin bincike ba, komai yawan shehunan malamanta, kuma Ƙungiyarmu tana da rawar da za ta taka wajen samar da su.

Mene Ne Aikin Jami'in Gudanar da Bincike?

Idan shehin malami ya ƙuduri aniyar gano maganin wata cuta ko kyautata wani iri, ilimin yana hannunsa, amma kuɗin aikin yana hannun wasu: ko gwamnati, ko wata gidauniya, ko wata hukumar duniya. Tsakanin mai ilimi da mai kuɗi akwai aiki mai yawa, kuma wannan aikin shi ne na jami'in gudanar da bincike. Masana sun kasa shi gida biyu.

Kashi na farko shi ne aikin kafin a sami tallafi. Jami'in ne zai riƙa bibiyar sanarwar masu ba da tallafi, ya karanta sharuɗɗansu sala-sala, ya sanar da malaman da abin ya shafa. Shi zai taya su tsara kasafin kuɗi, ya tabbatar an sa kuɗin mai da na ma'aikatan fili da na kayan ɗakin gwaji yadda mai tallafi ya yarda. Shi zai lissafa kuɗin ɗawainiya, wato rabon jami'a na wutar lantarki da ruwa da gine-ginen da aka yi amfani da su, wanda sau da yawa malamai kan manta da shi har jami'a ta wayi gari tana ciyar da aikin daga aljihunta. Shi ne kuma zai tattara sa hannun shugabanni, ya tura takardu ta intanet kafin wa'adi ya cika. Na'urar karɓar takardun nan ba ta san magiya ba. Idan lokaci ya wuce da minti ɗaya ta rufe ke nan. Bahaushe ya riga ya faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kashi na biyu shi ne aikin bayan an sami tallafi, kuma nan ne gizo ke saƙar. Akwai yarjejeniyar da za a duba kafin shugaban jami'a ya rattaba hannu, da sayen kaya bisa ƙa'ida, da adana kowane rasidi, da rubuta rahoton kuɗi a kan lokaci, da tarbar odita. Idan aka kashe kuɗin da aka ware don sayen kayan gwaji a kan tafiye-tafiye ba tare da izini a rubuce ba, mai tallafi zai ce a mayar masa da kuɗinsa, ko da kuwa ba a ci ko kwabo ba. Har ila yau akwai neman amincewar kwamitin ɗa'a kafin a taɓa jikin mutum, da kare haƙƙin mallakar abin da aka ƙirƙiro. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, wadda ke cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da adalcin marubuci, da kafa shaidu.

Yadda Aikin Ya Zama Sana'a

A ƙasar Amurka ne aikin ya fara tsayawa da ƙafarsa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnati ta fara zuba kuɗi masu yawa a binciken jami'o'i. Ma'aikatan da ke riƙe da waɗannan kuɗi suka kafa ƙungiyar NCURA a 1959, sannan aka kafa SRA a 1967. A 1993 aka kafa majalisar RACC mai shirya jarrabawa da ba da takardar shaidar ƙwarewa da ake kira CRA. Mai digiri na farko sai ya yi shekara 3 yana aikin kafin ya zauna jarrabawar, kuma takardar ba ta mutu-ka-raba ba ce. Lokaci-lokaci sai ya nuna ya ci gaba da ƙaro sani kafin a sabunta masa. Jami'o'i irin su Johns Hopkins har digiri na biyu suka buɗe a wannan fanni.

A nahiyarmu, ƙasashen kudancin Afirka sun kafa ƙungiyar SARIMA a 2002, mu kuma a Afirka ta Yamma aka kafa WARIMA a 2006, wadda ke shirya tarurruka da bita ga ma'aikatan jami'o'i. Daga bisani aka samar da majalisar IPRC mai tantance ƙwararru a matakai uku: na mai aikin yau da kullum, da na mai jagorantar ofishi, da na babban jagora. Hanyarta ta bambanta da ta Amurka, domin maimakon jarrabawa mutum zai gabatar da kundin ayyukan da ya yi tare da hujjoji, ƙwararrun fannin su duba su yanke hukunci. Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu ita ma tana da babbar difloma a kan gudanar da bincike.

Bugu da ƙari, ita kanta jami'a ana auna ta. A 2018 hukumar daidaita ma'auni ta Afirka ta amince da ma'aunin GFGP, wanda Cibiyar Kimiyya ta Afirka ta jagoranci tsarawa. Yana duba abubuwa huɗu: riƙon kuɗi, da kula da ma'aikata, da sayen kaya, da shugabanci. Jami'a ba za ta haye wannan siratsi ba sai da ma'aikatan da suka san abin da ake nema.

Me Ya Shafe Mu?

Wataƙila wani dattijo zai ce, to ina ruwan manomi da wannan zance? Amsa ita ce, irin masara da na wake da muke shukawa, masu suna SAMMAZ da SAMPEA, daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka fito, wadda tushenta ke komawa 1922, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda aka fitar a 2019, sai da aka ƙulla yarjejeniya da abokan aiki na ƙasashen waje, aka nemi izinin hukumomi, aka yi shekaru ana gwaji da ba da rahoto, kafin ya iso gona. Kowane mataki akwai takarda a bayansa, kowace takarda kuma akwai wanda ya riƙe ta.

Haka nan shirin Bankin Duniya na cibiyoyin ƙwarewa na Afirka, wanda ya fara a 2014, ya haɗa da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da cibiyar binciken cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Tsarin shirin shi ne, sai an nuna sakamako an tantance shi sannan a saki kuɗi. A cikin gida kuma akwai asusun harajin ilimi da aka kafa a 1993 da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, wanda dokar 2011 ta mayar da shi TETFund, yana kuma da asusun bincike na ƙasa da malamai ke gasar nema. Ƙa'idarsa sananniya ce: makarantar da ba ta ba da bayanin kason da ta karɓa ba, ba za ta ga na gaba ba. Sannan tun da gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID a 2025, rijiyoyin tallafi sun ragu, masu ɗiba kuma ba su ragu ba.

Amma amanar da ta fi ta kuɗi nauyi ita ce ta rai. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 daga cikinsu suka rasu, wasu kuma suka nakasa. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Shari'a ta ja har 2009, lokacin da aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Zargin da abin ya shuka a zukatan jama'a yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙauracewa allurar shan inna a 2003. A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, dokar lafiya ta 2014 kuma ta ƙara masa ƙarfi. To amma doka ba ta tsare kanta. Sai an sami wani a ofis wanda ya san cewa ba a sakin kuɗin aiki kafin amincewar kwamitin ɗa'a, kuma ya san dole a fassara takardar neman yarda zuwa harshen da uwar yaro take ji. Wannan mutumin, idan ɗanmu ne mai horo da tsoron Allah, garkuwa ne ga ƙauyukanmu.

Matsalolin da Ke Gaba

Ba za mu ɓoye muku ba, hanyar tana da gargada. Na farko, kuɗin jarrabawa da na tarurruka da dala ake biyan yawancinsu, albashin ƙaramin ma'aikaci kuwa ba zai ɗauka ba. Na biyu, al'adar aikin jami'a ita ce a riƙa juya ma'aikacin gudanarwa daga wannan ofis zuwa wancan. Wanda ya fara gane kan aikin bincike sai a tura shi sashen jarrabawa ko ɗakunan kwanan ɗalibai, a kawo sabo ya fara daga baƙi. Na uku, wasu malamai suna kallon jami'in gudanarwa a matsayin mai kawo cikas, alhali shi ne ke tsare musu mutunci ranar da odita ya zo. Na huɗu, wanda ya ƙware ƙungiyoyi masu zaman kansu sukan janye shi da albashi mai tsoka.

Akwai kuma masu cewa takarda ba ta sa mutum gaskiya. Mun yarda da su. Takardar shaida sani take tabbatarwa, riƙon amana kuwa daga tarbiyyar gida yake tasowa. Sai dai mai gaskiyar da bai san ƙa'ida ba yana iya jefa jami'arsa cikin asara kamar yadda maci amana zai jefa ta, kuma mai tallafin da ke Landan ko Nairobi ba shi da hanyar sanin halin mutum sai ta shaidar da ya yarda da ita. Saboda haka muna bukatar duka biyun.

Shawarwarinmu

Bisa ga abin da ya gabata, Kwamitin Ilimi yana gabatar wa wannan taro shawarwari kamar haka:

1. Sakatariyar Ƙungiya ta tattara sunayen 'ya'yanmu maza da mata da ke aikin gudanarwa a jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi, tare da matakin karatunsu da ofishin da suke.

2. A ware wani kaso daga asusun tallafin karatu domin ɗaukar nauyin mutum 2 a kowace shekara, su yi rajista da WARIMA, su halarci bita, su kuma fara haɗa kundin neman shaidar ƙwarewa. A zaɓe su bisa cancanta, ban da sanayya.

3. Duk wanda ya amfana ya dawo ya koyar da na baya a lokacin hutu, ya kuma taimaki Ƙungiya wajen rubuta takardun neman tallafin rijiyoyin burtsatse da gyaran asibiti da makarantunmu, tunda ilimin ɗaya ne.

4. 'Ya'yanmu da Allah Ya ɗaukaka zuwa majalisun gudanarwar jami'o'i su yi ƙoƙarin ganin an ba wannan aiki matakan ƙarin girma nasa na kansa, a daina juya ƙwararru barkatai.

5. Ɗalibanmu masu karanta akanta da shari'a da aikin mulki su sani cewa ga wata ƙofa a buɗe. Su ƙware a rubutun Turanci da sarrafa kwamfuta, wanda ya sami hali ya haɗa da Faransanci, domin ayyukan bincike da yawa sun haɗa mu da Nijar da Kamaru da Chadi.

Kammalawa

Ranka ya daɗe, iyayenmu da 'yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun yi ƙoƙari wajen samar da masu bincike, saura mu samar da waɗanda za su riƙe musu amana. Muna roƙon majalisar Ƙungiya ta duba waɗannan shawarwari kafin a zartar da kasafin kuɗin baɗi, domin rukunin farko su fara ba tare da jinkiri ba.