Kafin ki biya su dala 100: hira kan tura bincike mujallar lafiyar al'umma

Yau ba ni da baƙo, ni kaɗai ne, kuma hirar tamu ta samo asali ne daga saƙon wata 'yar'uwa da ta rubuto min daga Gusau. Ta ce in sakaya sunanta, to na sakaya.

Ga abin da ta ce a taƙaice. Ta gama digirinta na biyu a fannin lafiyar al'umma. Bincikenta a kan abin da ke sa iyaye mata su fara kai yara rigakafi amma su tsaya a hanya, ba sa kammalawa. Ta shiga ƙauyuka, ta zauna da mata gida-gida, ta rubuta kundi, an ba ta sakamako mai kyau. Kwatsam sai ga imel daga wata mujalla mai dogon suna, ana kiranta babbar farfesa, ana cewa ta turo aikinta za a buga cikin kwana 5, kuɗin dala 100 kacal. Sai ta ce min: "Yaya, in biya?"

Ƙanwata, kar ki biya. Amsar ke nan. Sauran shirin duk bayanin dalili ne, da kuma hanyar da ya kamata ki bi.

Kin ga, mujallar gaskiya ba injin buga takarda ba ce. In kika tura maƙala, edita ne zai fara dubawa. In ya ga ta dace da mujallarsu, sai ya nemi masana biyu ko uku a fannin, su karanta, su tone duk wani rami da ke ciki. Waɗannan masu bitar galibi ba biyansu ake ba, malamai ne da likitoci masu nasu ayyukan, shi ya sa abin ke cin makonni, sau da yawa watanni. To wanda ya ce miki kwana 5, yaushe ya nemo masanan, yaushe suka karanta? Babu wanda zai karanta. Kuɗinki kawai ake so. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayen irin waɗannan mujallun bogi kafin ya rufe jerin a 2017, kuma har yau ba su daina fitowa ba.

Abin da ya fi asarar dalar ciwo shi ne, da zarar aikinki ya fito a can, ya fito ke nan. Mujallar kirki ba ta karɓar abin da aka riga aka buga. Kin binne wahalar shekara biyu a inda ba mai nema.

Na san abin da ke tura mutane can, kar a ce ban sani ba. Ƙarin girma a jami'a ana ƙirga yawan maƙaloli, kowa na neman cika lissafi. Amma bari in tuna muku wani abu daga jiharta. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara suka riƙa mutuwa, aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ashe gubar dalma ce daga duwatsun zinari da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kusan 400 suka rasu. Waɗanda suka yi binciken sun rubuta shi, ya fito a mujallar Environmental Health Perspectives a 2012. Da irin wannan ta sake ɓulla a jihar Neja a 2015, akwai rubutaccen abin da za a koma a duba. Wannan shi ne amfanin bugawa: wani likita ko jami'in lafiya da ba ki taɓa gani ba ya nemo, ya samu, ya yarda da abin da ya karanta.

To yaya za ki gane ta gaskiya? Kar ki yarda da abin da mujallar ta faɗa game da kanta. Je ki nemi sunanta da kanki a PubMed, ko a DOAJ, ko a AJOL mai tattara mujallun Afirka. Ki kula da sunan harafi-harafi, don 'yan bogi suna kwaikwayon sunan sananniyar mujalla su sauya kalma ɗaya. Kuma "muna cikin Google Scholar" ba shaida ba ce, don shi tsintar komai yake.

Yanzu tambayar farko da na mayar mata: kina da takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike? Alhamdulillahi tana da ita. Amma ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa, kuma faɗuwar da ba ta da gyara. Duk binciken da ya shafi mutane, ko da tambayoyi kawai ka yi musu, mujalla za ta nemi sunan kwamitin da ya amince da lambar takardar. Kuma dole a same ta kafin ka fara tattara bayanai, ba bayan ka gama ba.

Mu 'yan Arewa bai kamata a yi mana dogon bayani kan wannan ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara 200, kuma 11 sun rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Daga baya ta fito cewa takardar amincewar da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Masana da dama suna lissafa wannan cikin abubuwan da suka ƙara wa mutane tsoron rigakafin shan inna a 2003. Kin ga ya dawo kan bincikenki ke nan, ƙanwata. Yanzu muna da kwamitin ƙasa, NHREC, da dokokinsa na 2007, akwai kuma kwamitoci a asibitocin koyarwa da ma'aikatun lafiya na jihohi. Ɗalibin da bai fara ba tukuna, can zai fara zuwa. A cikin maƙalar kuma ki faɗi yadda kika nemi yardar matan: an karanta musu da Hausa? Wadda ba ta rubutu, dangwale ta yi a gaban shaida? Rubuta shi yadda ya faru.

Sai maganar kundi. Kundi daban, maƙala daban. Kundinki ya haura shafi 100, maƙala kuwa yawanci kalmomi 3,000 zuwa 4,000 ce, tsakurenta bai wuce 250 zuwa 350 ba. Ba matse kundin za ki yi ba. Tambaya ɗaya za ki zaɓa, ki amsa ta. Babin nan na bitar ayyukan magabata da kika sha wahala a kai, sakin layi uku zai koma. Na san da zafi, amma haka ne.

Inda za ki zauna ki ɓata lokaci shi ne sashen hanyar bincike. Mu mun ɗauka Turanci ne ke kayar da mu. Wallahi ba shi ne kan gaba ba. Turanci ana gyara shi. Abin da ba ya gyaruwa shi ne mai bita ya tambaya: ta yaya kika zaɓi waɗannan ƙauyuka? Me ya sa wannan adadin mata? Nawa suka ƙi amsawa? Da kika ce yaro ya kammala rigakafi, kati kika gani ko bakin uwa kika bi? In kati ya ɓace, ya kika yi? Akwai jerin abin dubawa mai suna STROBE, abubuwa 22, don irin binciken da aka lura aka ƙirga ba tare da an ba kowa magani ba. Kyauta ne a shafin EQUATOR. Mai gwajin magani CONSORT zai bi, kuma dole ya yi rajistar gwajin tun kafin ya ɗauki mutum na farko, a wuri irin PACTR na Afirka. Ki buga STROBE ɗin a takarda, ki ajiye a gefe, ki bi ɗaya bayan ɗaya. Kuma ki faɗi raunin bincikenki da bakinki. In ba ki shiga wasu ƙauyuka ba saboda matsalar tsaro, faɗa. Mai bita ya fi yarda da wanda ya nuna gurbin da kansa.

Bari in ba ku nawa labarin, ku yi dariya. Maƙalata ta farko, wata ƙatuwar mujalla na ɗauka na tura, don kawai sunanta na da daɗin faɗa. Kwana biyu sai ga amsa, layi biyu, ko masu bita ba ta kai ba. Na yi mako ina fushi, ina cewa ai don daga Najeriya nake. Da na huce na buɗe shafin da suka bayyana irin ayyukan da suke bugawa, sai na ga ƙarara ba sa ɗaukar binciken gari ɗaya irin nawa. Ni ne ban karanta ba. Ban ce babu son kai a harkar ba, akwai shi, amma ranar laifina ne.

Dabarar da na koya daga baya mai sauƙi ce: duba manazartarki. Mujallun da kika fi ambata, su ne masu wannan hirar, can aikinki zai samu 'yan'uwa. Bincike irin naki zai iya zama a Pan African Medical Journal, ko Journal of Public Health in Africa, ko Annals of African Medicine da ke fitowa daga Sakkwato. In kin ga yana da ƙarfi, ga BMC Public Health, ga PLOS Global Public Health. Kowacce na da shafin ƙa'idojin marubuta. Karanta shi kamar takardar jarrabawa. Yawancinsu salon manazarta na Vancouver suke so, mai lambobi, kuma manhajar Zotero za ta yi miki shi kyauta.

Maganar kuɗi kuma, a yi ta a fili. Biyan kuɗi kaɗai ba ya nuna mujalla ta bogi ce. Manyan da kowa ke karantawa kyauta, marubuci ne ke biya, kuma sau da yawa ya haura dala 2,000, bayan an karɓi aikin. Amma akwai yafiya. Kamfanoni da yawa suna bin jerin Bankin Duniya: 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi suna rukunin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, don haka ana yawan yafe musu kai tsaye. Najeriya ba ta cikin wannan rukunin, sai kin rubuta kin nema, kuma lokacin turawa ake nema, ba bayan an karɓa ba. Akwai kuma waɗanda ba sa karɓar ko sisi, irin Bulletin na Hukumar Lafiya ta Duniya da Emerging Infectious Diseases.

Sunayen marubuta, nan ne zumunci ke lalacewa. Ƙa'idar kwamitin editocin mujallun likitanci, ICMJE, sharuɗɗa huɗu ce: mutum ya taka rawa ta gaske a tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutun ko gyaransa, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda zai amsa tambaya a kan aikin. Shugaban sashe da bai taɓa buɗe aikin ba, ba ya ciki. Na sani, faɗar wannan a makirfo ta fi faɗarsa a ofishin oga sauƙi. Shi ya sa nake cewa ki zauna da malamin da ya duba ki tun yanzu, ku daidaita wa zai shiga, wa zai zo farko. Aikin ɗalibi, ɗalibi ne a gaba. Matan da suka raka ki ƙauye kuma, kar ki manta da su a sashen godiya. In kin yi amfani da ChatGPT wajen gyaran Turanci, ki bayyana, ba a sa shi cikin marubuta, kuma kar ki kuskura ki karɓi manazarta daga gare shi ba ki duba ba, don yana ƙirƙiro na ƙarya.

Ranar turawa, ki tanadi data da caji, don cike gurabun nan yakan ci awa biyu. Ki buɗe lambar ORCID, kyauta ce. Ki rubuta wa edita gajeriyar wasiƙa: ga abin da muka gano, ga dalilin da ya shafi masu karanta mujallarku, ba a buga shi ko'ina ba. Kuma mujalla ɗaya tak a lokaci ɗaya. Tura wa biyu tare laifi ne babba, kuma sukan gano, don wani lokaci mai bita ɗaya suke aika wa.

Sai jira. In amsa ta zo da cewa a yi babban gyara, shafi uku na suka, kar ki yi kuka. Wannan albishir ne, ƙofa ce aka bari a buɗe. Ki ajiye ta kwana biyu, sannan ki ɗauki kowace magana ki amsa ta daban: ga abin da kuka ce, ga abin da muka gyara, ga shafin. Ba dole ki yarda da komai ba. Mai bita na iya zama a Kanada, bai taɓa ganin gidan Bahaushe ba, ya tambaye ki me ya sa mata zalla suka yi tambayoyin, ko me ya sa aka fara neman izinin maigida da mai unguwa. Ki yi masa bayani cikin ladabi, sannan ki sa bayanin a cikin maƙalar, don mai karatu ma zai yi wannan tambayar. In kuma sun ƙi gaba ɗaya, ki kwashe gyaran da suka ba ki kyauta, ki yi, ki wuce ta biyu a jerinki.

Imel ɗin nan kuwa, ƙanwata, ko amsa kar ki ba su, in kin amsa sun san akwai mutum a bayan adireshin, ba za su ƙyale ki ba. Na tura miki STROBE ɗin, ki fara da sashen hanyar bincike, ki turo min in gani.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu zauna kan yadda ake rubuta tsakure. Na bar ku lafiya. Wassalamu alaikum.