Wanga da Wancan

 Yau za mu duba Luka sura 18, aya 9 zuwa 14, misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji.

Da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari, kuma kalmomin nuni biyu ne suka fi yawa a ciki: "hutos" na abin da ke kusa, "ekeinos" na abin da ke nesa. Mu a Sakkwato abin ba zai ba mu wuya ba. Kanawa "wannan" suke cewa, ko namiji ko mace, mu kuwa muna da "wanga" da "wagga". Helenanci ma haka yake rarrabewa, "hutos" namiji, "haute" mace.

To, duk wanda aka taɓa ce masa "wanga yaro" tare da taɓe baki ya san kalmar tana iya zama mari. Abin da Bafarisiyen ya yi ke nan a aya 11. Yana tsakiyar addu'a a Haikali, ya nuna mai karɓar harajin da "hutos", yana gode wa Allah da bai zama irinsa ba. Shi kuwa mutumin, in ji aya 13, can nesa ya tsaya, ko ɗaga ido sama bai iya ba.

Sai ku lura da aya 14. Yesu ya ɗauki kalmar nan ta raini ya sake ɗora ta a kan mai karɓar harajin, wanda ya koma gida baratacce. Bafarisiyen kuwa ya zama "ekeinos", wancan. Masana nahawu za su ce ai ƙa'ida ce, wanda aka ambata daga baya shi ne "hutos". Gaskiyarsu. Amma mu dai kunnenmu ya ji: na nesa ya zama wanga, mai gadarar kusanci ya zama wancan.

A Luka 15 ma, wan ɗan nan ɓatacce ya ƙi kiransa ƙane, ya haɗa "hutos" da "ɗanka". Uban ya mayar masa da kalmar, ya haɗa ta da "ɗan'uwanka".

Ran Lahadi, in muka fito sujada a Mabera ko wata unguwa, akwai wanda aka taɓa sa wa horo a ikilisiya, yana zaune a bencin baya. Mun san sunansa. Mu kira shi da shi, mu miƙa masa hannu.